Yadda Ake Haɗa Batir Na Biyu A Hilux Ko Land Cruiser Ya Riƙa Samun Caji

Duk mai shiga ƙauyuka da Hilux, Prado, Land Cruiser ko Pajero, ya wuni ko ya kwana inda babu wutar lantarki, ba ya jimawa sai ya fara ɗora wa batirin motarsa aikin da ba nasa ba: firijin allurar rigakafi ko maganin dabbobi, lasifikar yekuwa, fitilun gona, cajin wayoyin 'yan tafiya. Batirin da ke cikin bonet an ƙera shi ne ya ba kik wuta mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku, altaneta ta mayar masa nan take. Idan ana tsotse shi a hankali har gari ya waye, sau kaɗan zai jure. Ga wahalar neman masu tura mota mai nauyin tan biyu cikin rairayin wajen Baure ko Mai'aduwa.

Batir na biyu ne maganin wannan, amma da sharaɗi biyu: ya samu caji muddin inji na aiki, ya kuma rabu da batirin kik da zarar an kashe mota. Wanda ya ɗauko waya ya haɗa su kai tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi, ya cika sharaɗi na farko ya karya na biyu. Kamar randa biyu ce aka haɗa gindinsu da tiyo: ko daga wacce aka ɗebi ruwa, tare za su sauka. Firiji zai cinye su duka, da safe kik ya yi ƙas ya tsaya. Wasu motocin dizal ma da batir biyu suke zuwa daga kamfani, to waɗannan duka na kik ne, ba su shiga lissafinmu ba. Wasu tsofaffin Land Cruiser kuma wutarsu volt 24 ce. Idan taka irin wannan ce, caja ta musamman mai sauke 24 zuwa 12 za ka nema, kada a ja wuta daga batir ɗaya cikin biyun.

Fara da lissafin abin da za ka sha

Firijin mota mai kwamfireso, mai cin lita 40 zuwa 50, yana jan amfiya 4 zuwa 5 lokacin da yake aiki. A sanyin hunturu hutunsa ya fi aikinsa yawa. A watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, zai iya yin rabin yini da dare yana aiki, wato wajen 50Ah zuwa 60Ah a awa 24 (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin wutar da batir ke ɗauka). Fitila biyu masu wat 10 na awa biyar za su ci kamar 8Ah. Cajin wayoyi goma, kusan 12Ah. Ka ga an doshi 75Ah. Idan akwai inbata, raba wat ɗin abin da aka jona mata gida goma, abin da ya fito shi ne amfiyar da take ja: wat 300 ya zama amfiya 30, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne.

Batirin darma, ko mai ruwa ne ko AGM (rufaffen da ba a ƙara masa ruwa), rabin abin da aka rubuta a jikinsa ake ci idan ana son ya yi ƙarko. Mai 100Ah, 50Ah ne naka. Don haka mai buƙatar 75Ah a rana, 150Ah zai nema. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai 100Ah yana bayar da 80Ah zuwa 90Ah lafiya lau, nauyinsa kilo 12 ko 13 ne a inda AGM ke kai wa kilo 30, sai dai kuɗinsa ya ninka.

Zafi ne ke yanke hukuncin inda za a ajiye shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwar batirin darma, cikin bonet kuwa a bazara ya wuce haka nesa. Idan dole sai a bonet, batir mai ruwa ya fi jurewa, tunda ana iya ƙara masa ruwan batir, a kuma sa shi nesa da salansa da tabo (turbo). AGM ya fi son bayan mota. Litiyam kada ya shiga bonet sam, kada kuma a bar shi a buɗaɗɗen bayan Hilux rana na dukansa, domin yawancinsu an hana yi musu caji sama da digiri 45. Mai ruwa kuma ba a sa shi cikin ɗakin da mutane ke zaune, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Manyan batiran inbata na gida masu 200Ah, waɗanda mutane ke sha'awa saboda suna ko'ina a kasuwa, ba a yi su don gargada ba: nauyinsu ya kai kilo 60, ruwansu na fantsama, ya cinye bodi.

Auna altaneta kafin ka sayi komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke nuna na'urar da za ta yi maka aiki. Samu mitar gwajin wuta, ka juya ta zuwa DC 20. Da safe kafin a tayar da mota, ɗora ta a kan kawunan batir: lafiyayye zai nuna volt 12.6 ko 12.7. Tayar da inji, bayan minti biyar ka sake aunawa. Za ka ga wani abu tsakanin 13.9 da 14.5. Kada ka tsaya nan. Yi tuƙi na rabin awa inji ya yi zafi sosai, kunna AC da manyan fitilu, ka sake aunawa a salo (mota na tsaye, inji na aiki), sannan wani ya taka totur kaɗan ka sake dubawa. In da hali, sa ƙaramar mitar nan da ake cusawa a soket ɗin cajin waya, ka riƙa kallonta a kan hanya.

Idan wuta ta tsaya a 13.9 ko sama ko da inji ya yi zafi, altanetarka irin ta da ce, rile, wato na'urar da ke haɗa batiran tana raba su da kanta, zai wadatar. Idan ta fara da 14 da ɗoriya sannan ta sauka ta zauna tsakanin 13.2 da 13.6, irin mai rage wuta ce idan ta ji zafi, kamar yadda ake samu a sababbin motocin Toyota da yawa. Rile zai haɗa, amma batirin baya ba zai taɓa cika ba. Idan kuwa tana sauka har 12 da ɗoriya kana cikin tafiya, sannan ta yi tsalle zuwa wajen 15 idan ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar mota ce ke sarrafa ta. Alamarta sau da yawa wata 'yar na'ura ce manne da baƙin kan batir. A waɗannan biyu na ƙarshe, cajar DC-DC, wato cajar da ke karɓar wuta daga mota ta cika batir na biyu, ita kaɗai ce hanya. Tsohuwar mota da ta nuna ƙasa da 13.5 kuma, fara duba fanbel da ita kanta altanetar, domin ba a ƙara wa mara lafiya kaya.

Rile ko caja

Rilen da ake nufi shi ne mai jin ƙarfin wuta, wanda za ka ga an rubuta VSR a kwalinsa, galibi mai ɗaukar amfiya 140. Idan wutar batirin kik ta kai wajen 13.3 sai ya haɗa batiran, idan ta sauka wajen 12.8 ya raba su. Yana da arha, haɗa shi ba wuya, wasu ma suna da maɓallin da ake dannawa batirin baya ya taimaka wajen tayar da mota. Amma rile ba ya caji. Ƙofa ce kawai yake buɗewa; abin da altaneta ta bayar, bayan an cire wanda ya ɓace a waya, shi ke isa baya. Batirin darma kuwa sai ya ga wajen 14.4 yake cika.

Cajar DC-DC tana karɓar duk abin da ya iso mata, ko 12 da ɗoriya ne, ta ɗaga shi zuwa abin da batirin ke so. Tana fara da tura amfiyarta duka, ta riƙe a wajen 14.4 har ya ƙoshi, sannan ta sauka wajen 13.5 ta tsare shi. Redarc, Victron, CTEK da Renogy duk suna yin ta, wasu da mashigar sola a jiki. Girmanta ya dace da batirin: na darma ba ya son fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, wato amfiya 20 ko 25 ga mai 100Ah. Litiyam mai 100Ah zai karɓi 40, amma a tuna caja mai 40 tana jan kusan 50 daga altaneta, wadda a salo ba ta bayar da ko kusa da abin da aka rubuta mata. Motar da ke yawan tsayuwa da AC a kunne, 25 ta fi mata alheri.

Litiyam da rile ba sa haɗuwa. Yana zuƙar wuta ba iyaka har altaneta ta yi zafi, sannan a hutunsa yana zama a 13.2 ko 13.3, sama da inda rile ke rabawa, sai a kashe mota batiran su zauna a haɗe. A ganinmu, duk wanda batirinsa zai zauna a baya, ko abin da ke cikin firijinsa magani ne, ya daure ya sayi caja.

Waya da fis

Nan ne aiki ke kyau ko ya lalace. Wuta tana raguwa a cikin waya, a volt 12 kuma rabin volt babbar asara ce. Lissafin ba wuya: tsawon waya a mita zuwa da dawowa, sau amfiya, sau 0.0175, a raba da kaurin wayar a mm², abin da ya fito shi ne volt ɗin da za a rasa. Daga bonet ɗin Hilux mai ƙofa huɗu zuwa baya, idan an bi shasi, kamar mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Caja mai 25 tana jan wajen 30. A waya mai 6mm² za a rasa volt 1.05, a mai 10mm² 0.63, a mai 16mm² 0.39. To 16mm² ce ta dace. Mai rile kuwa, da yake amfiya 50 ko fiye na iya bi ta ciki kuma babu mai ɗaga abin da ya ɓace, ko 16mm² za ta cinye masa 0.66. Shi sai 25mm², gara ma 35mm². Idan duka batiran a bonet suke, 16mm² ta isa.

A yi hattara da wayar kasuwa mai kaurin roba da ƙarancin ciki, da kuma ta alminiyam da aka yi wa rufin tagulla. Kankare silin da wuƙa: idan fari ya bayyana, ajiye musu abarsu, domin asararta ta fi ta tagulla da fiye da rabi, kuma tana ruɓewa a baki. Wayar walda ta tagulla zalla tana da kyau, ga laushi, ga juriyar zafi.

Fis biyu ake sawa a doguwar jar waya, ɗaya a kowane ƙarshe, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba. Dalili shi ne wuta na iya tasowa ta kowane ɓangare. Idan wayar ta goge ta taɓa shasi a tsakiya, fis ɗin gaba ya yanke, batirin baya zai ci gaba da zuba ɗaruruwan amfiya har roba ta kama wuta. Ga caja mai 25, fis mai 40 a shiga da fita. Ga mai 40, fis mai 60. Ga rile da waya 25mm², mai 100. A nemi irin wanda ake ɗaurewa da noti, MIDI ko ANL, ba na kwalba da ake sa wa kayan sauti ba, wanda ke saki a gargada ya narke. Kada kuma mai rewaya ya ɗaura silin waya a madadin fis, ko na rana ɗaya ne.

Haɗawa

Cire zobe da agogo. Kashe mota, zare makulli, kwance baƙin kan batirin kik da sifana mai lamba 10, ka kawar da shi gefe. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Kafa mazaunin batir na biyu. A ɗaure shi da ƙarfe da noti har cikin bodi, ba da igiya ko roba ba. Batir mai kilo 30 da ya tsinke a birki abin tsoro ne. Rufe jan kansa da murfin roba, don kada shebur ko jak ya faɗo a kai.

Rile yana zama kusa da batirin kik. Caja kuma kusa da batir na biyu, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, domin abin da ta fitar ya isa ba ragi. A sa ta inda iska ke ratsawa, a jikin ƙarfe in ya samu, tunda idan ta yi zafi da kanta take rage wutar da take bayarwa.

Ja jar wayar cikin tiyon roba mai zobe-zobe tun daga farko har ƙarshe. Bi saman shasi ta ɓangaren da babu salansa, nesa da bututun mai da na birki da duk abin da ke motsi, a ɗaure ta duk bayan taƙi ɗaya da rabi. Duk inda za ta ratsa ƙarfe, sa zoben roba a ramin. Bar ɗan sassauci tsakanin kan mota da bodin baya, domin suna murɗawa daban-daban a hanya mara kyau.

Bakunan waya a sa musu kan tagulla daidai kaurinsu, a matse da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Dukan guduma ba matsewa ba ne, murɗa sili a kan noti kuwa ba a ma maganarsa. Ja kowane baki da ƙarfi. Wanda ya motsa a sake shi.

Baƙar waya kaurinta ɗaya da ja. Mafi kyau a ja ta har gaba, musamman a motar da bodin bayanta ke zaune kan robobi, wanda ba a dogara da shi ya mayar da wuta. A gaba a ɗaure ta inda wayar kamfani ta kama bodi, a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a shafa giris bayan an ɗaure. Idan akwai 'yar na'urar nan a baƙin kan batir, kada a ɗaura komai a kan batirin kansa, in ba haka ba kwamfuta ba za ta ga wutar da ake ja ba, ta rikice a lissafin caji.

Rile yana da siririyar baƙar waya da ke zuwa bodi. Ba ta, ba ya aiki. Caja a motar da kwamfuta ke sarrafa altanetarta tana da siririyar wayar da ake kai wa layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, da ƙaramin fis nata. Saita cajar kan nau'in batirinka kamar yadda takardarta ta nuna. Saitin batir mai ruwa a kan AGM ko litiyam ɓarna ne.

Kayan amfani duka su fito daga batir na biyu ta ƙaramin akwatin fis, kowane da nasa: firiji 15, da waya 4mm² ko 6mm². Soket ɗin cajin waya yana saki a gargada, gara a jona firiji da filogin Anderson, irin mai kamawa gam. Inbata ta zauna dab da batir, da kakkaurar wayarta da fis nata.

Sai a ƙarshe a sa manyan fis biyu, a mayar da baƙin kai.

Gwaji

Mota a kashe, auna batiran biyu. Ya kamata lambobinsu su bambanta ko da kaɗan. Kunna firiji na minti goma: na baya ne kaɗai zai sauka. Tayar da inji. Rile zai yi ƙas bayan 'yan daƙiƙu, caja kuma fitilarta za ta kama. Ga mai rile, bambancin gaba da baya kada ya wuce 0.4. Ga mai caja, na baya zai riƙa hawa a hankali zuwa 14 da ɗoriya. Bayan minti ashirin taɓa kowane baki da kowane fis. Ɗumi kaɗan ba komai, amma wanda ya ƙona yatsa bai ɗauru ba. Kashe mota ka kunna fitilu na minti ɗaya, ka tabbatar rile ya saki.

Tuƙi kaɗai ba ya cika batir

Katsina zuwa Daura ta Mashi kamar kilomita 80 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna. Caja mai 25 za ta zuba kusan 30Ah a wannan tafiya, firiji ya ci nasa a ciki. Wanda ya sha 50Ah da dare bai mayar ba ke nan. Batirin darma kuma yana saurin kai wa kashi 80, sauran kashi 20 ɗin sai ya ɗauki awa biyu ko uku. Idan kullum a rabi yake kwana, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya mutu cikin watanni, a ɗora laifin kan mai shago.

Rana ce ke cike giɓin, ita kuwa Allah ya hore mana ita. Farantin sola mai wat 150 yana bayar da wajen amfiya 8 da tsakar rana, 40Ah ko ɗan fiye a wuni. Idan cajarka na da mashigar sola, kai shi can, bayan ka duba cewa volt ɗin farantin bai wuce iyakarta ba. Manyan faranta na rufin gida sukan wuce. In babu, sa masa kwantirola tasa. A lokacin hazo a riƙa goge shi kowace safiya. Wanda ba shi da sola ya jona batirin a cajar gida sau ɗaya a mako, ya bar shi ya cika sosai.

Ana gane halin batirin darma ne bayan ya huta awa biyu ba caji ba kaya: 12.7 cike, 12.4 ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi, a nan ya kamata a tsaya. Yawancin firijin mota suna da saitin yanke wuta. A sa shi ya yanke idan batir ya sauka wajen 11.8 yana cikin aiki.

Idan abu ya ƙi

Rile yana ƙas-ƙas ba tsayawa: batirin baya ya yi ƙasa sosai, da an haɗa sai ya ja wutar gaba ta faɗi, rile ya saki, ya sake kamawa. Cire shi ka yi masa caji a gida. Idan abin ya ci gaba, ko ɗaya daga cikin ɗakunan da ke cikin batirin ya mutu, ko altaneta ta gaza.

Firiji yana mutuwa tsakar dare alhali mita na nuna 12.3 a batir: auna a bakin firijin lokacin da kwamfireso ke tashi. Sau da yawa siririyar waya ce ko sakakken soket.

Caja tana kamawa tana saki a salo: abin da ke iso mata ya yi ƙasa, saboda waya ta yi siriri, ko baƙar waya ba ta kama da kyau ba, ko ba a haɗa wayar makulli ba.

Batirin kik yana kwana ba wuta duk da rile: ko bakin rilen ya manne daga ciki, ko an bar maɓallin haɗawa a danne, ko wani ya jona kaya a gaba. Idan batiran biyu suna nuna lamba ɗaya daidai da safe, a haɗe suka kwana.

Batir ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ruwansa na saurin ƙafewa: caji ya yi masa yawa ko zafi ya dame shi. Kashe komai, bar shi ya huce, kada a kusance shi da wuta, sannan a duba saitin caja. Mai ruwa a duba shi duk mako biyu a bazara, a ƙara ruwan batir zalla har ya rufe faranta, ban da asid, ban da ruwan rijiya ko na leda.

Bayan tafiyar farko a hanya mai gargada, sake bin kowane noti da sifana, ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko tiyo ya goge a wani wuri. Motar da za a ajiye fiye da mako biyu kuma, a cika batirin baya tukuna, a zare fis ɗin akwatin kaya, ko a bar shi jone da sola.